Tarihin Tsayar da Hankali: Daga Dazukan Indiya Zuwa Wayoyinmu

Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Mashi bayan sallar Isha'i ya san yadda hira ta koma. Mutum shida a benci ɗaya, biyar kawunansu a sunkuye, hasken waya na dukan fuskokinsu. Ka jefa wa mutum magana ya ce "na'am", sai ka kai aya ya ɗago ya ce "me ka ce?" Mu da muke wannan rubutu ma ba mu tsira ba. Sau nawa muka ta da kabbara, ba mu farga ba sai ga mu a tahiya, zuciya ta je kasuwa ta dawo ba mu san surar da liman ya karanta ba?

Abin mamaki shi ne a cikin wayar da ta kwashe mana hankali ake tallata mana maganin. Za ka ci karo da bidiyo ko manhaja tana cewa ka zauna, ka rufe ido, ka bi shigar numfashinka da fitarsa na minti goma. Turawa na kiran abin mindfulness. Wasu matasanmu sun fara gwadawa, wasu sun ce tsafi ne, wasu kuma sun ɗauka wani nau'in motsa jiki ne da likitoci suka ƙirƙiro. Kafin mu karɓa ko mu ƙi, ya kamata mu san inda abin ya fito, da irin hannuwan da ya bi kafin ya iso gare mu. Tarihinsa ya kai shekara 2,500, kuma ya ratsa ta wata ƙasa da kakanninmu suka taka da ƙafafunsu, wato Burma.

Asalin kalmar

Wanda mabiyansa ke kira Buddha sunansa Siddhattha Gotama. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, ya kuma rayu wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ɗan gidan sarauta ne da ya bar gida ya shiga daji neman amsar tambaya ɗaya: me ke jawo wa ɗan Adam ƙunci, kuma yaya zai rabu da shi? Ya yi wa'azinsa na farko a Sarnath, kusa da birnin Banaras, ya shafe kimanin shekara 45 yana yawo a kwarin kogin Ganga yana koyarwa, ya rasu yana da shekara 80.

Tafarkin da ya shimfiɗa wa mabiyansa rassa takwas gare shi. Na bakwai shi ne abin da ake kira sati da harshen Pali, kada a rikita shi da satinmu na kwana bakwai. Asalin ma'anar kalmar shi ne tunawa, wato mutum ya riƙe abin da yake ciki a ransa kada ya suɓuce masa. Wani Baturen Ingila masanin Pali, T. W. Rhys Davids, shi ya fassara ta da mindfulness a 1881, kalmar kuma ta zauna.

Akwai wani tsohon nassi nasu mai suna Satipatthana da ya yi bayanin aikin dalla-dalla. Ya kasa abin lura gida huɗu: jiki, da abin da ake ji na daɗi ko na zafi, da yanayin zuciya, da abubuwan da ke tasowa cikinta. Bai tsaya ga zaman rufe ido ba. Ya buƙaci mai aikin ya san abin da yake yi lokacin da yake tafiya, da lokacin da yake miƙa hannu, da sa'ad da yake tauna abinci, har zuwa lokacin kewayawa. Tun farko dai abin na rayuwar yau da kullum ne.

Sai dai mu lura da abu biyu. Na farko, a cikin rassa takwas ɗin nan, uku sun shafi hali ne kai tsaye: magana ta gari, aiki na gari, da sana'ar da ba ta cutar da kowa. Ko mabiyin da ke zaune da iyalinsa akwai alkawura biyar a kansa: kada ya kashe rai, kada ya yi sata, kada ya yi lalata, kada ya yi ƙarya, kada ya sha abin maye. Na biyu, masu wannan aiki ba a ɗaiɗai suke ba. Ana kiransu bikku, ma'ana mai rayuwa da bara. Kowace safiya sukan fito da ƙoƙonsu mutanen gari su zuba musu abinci, su kuma su saka da karantarwa. Idan damina ta kama sukan zauna wuri guda wata uku. Sau biyu a wata sukan taru a karanto musu dokokinsu, wanda ya saɓa ya faɗa da bakinsa. Wanda ya tashi a garin da ke da makarantun allo ba zai rasa gane wannan alaƙa ta mai ƙoƙo da mai gida ba.

An rubuta waɗannan nassoshi a tsibirin Siri Lanka a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan an daɗe ana riƙe su da ka. A ƙarni na 5 bayan haihuwarsa wani malami mai suna Buddhaghosa ya tattara hanyoyin aikin a babban littafinsa Visuddhimagga. Duk da haka, ƙarnuka da yawa zurfafa cikin wannan tarbiyya ya kasance aikin 'yan ƙalilan ne daga cikin bikku. Manomi da ɗan kasuwa nasu shi ne sadaka, da kiyaye alkawura, da zuwa wurin ibada a ranakun da aka keɓe.

Ranar da Mandalay ta faɗi

Abin da ya fito da aikin daga hannun 'yan ƙalilan zuwa ga talakawa shi ne mulkin mallaka. A ƙasar Burma, wadda yanzu ake kira Myanmar, sarki shi ne uban addini. Shi ke naɗa shugaban bikku, shi ke ɗaukar nauyin jarrabawar malamai. Sarki Mindon ya tara malamai a Mandalay a 1871 suka tace nassoshin, kuma a zamaninsa aka sassaƙa su a kan allunan dutse 729 da har yau suna nan a birnin. A watan Nuwamba 1885 sojojin Ingila suka shiga Mandalay, suka kama magajinsa Sarki Thibaw, suka kai shi Ratnagiri a Indiya inda ya ƙare rayuwarsa.

Hankalin malaman ƙasar ya tashi, domin a ganinsu idan babu sarki babu mai riƙe addini. Wani malami mai suna Ledi Sayadaw, wanda ya rayu daga 1846 zuwa 1923, ya kawo amsar da ta canza komai. Ya ce nauyin da ke kan sarki yanzu ya dawo kan kowa. Ban da harshen Pali da malamai kaɗai ke ji, ya riƙa rubutu da harshen Burma na kasuwa. Ya mayar da wani littafi mai wuya zuwa waƙa don a haddace, aka kafa ƙungiyoyin karatu a garuruwa, har da mata a ciki. Ya kuma koyar da cewa mai iyali da sana'a zai iya fara lura da numfashinsa da jikinsa ba tare da ya shiga daji shekaru ba. Madaba'ar da Turawa suka kawo da jirgin ƙasan da suka shimfiɗa su suka taimaka wajen yaɗa saƙonsa.

Daga cikin almajiransa akwai wani manomi, Saya Thetgyi, mutumin wani ƙauye da ke tsallaken kogi daga Rangun. Annobar kwalara ce ta kwashe masa 'ya'ya, baƙin ciki ya kore shi daga gida neman abin da zai sanyaya masa rai. Da ya dawo sai ya fara koyar da ma'aikatan gonarsa da maƙwabta a wata rumfa. A 1937 wani ma'aikacin ofishin kuɗi mai suna U Ba Khin ya ƙetara kogin ya zauna a gabansa. Wannan ma'aikaci shi ya zama babban akanta na farko na Burma bayan samun 'yanci a 1948. Ya ware ɗaki a ofishinsa inda ma'aikata ke zama su yi aikin, a 1952 kuma ya buɗe cibiya a Rangun. A ɗaya ɓangaren, Firayim Minista U Nu ya gayyato wani malami, Mahasi Sayadaw, zuwa Rangun a 1949 don ya koyar da jama'a, cibiyoyinsa suka bazu a ƙasar da wajenta.

A tsakiyar wannan zamani ne mutanenmu suka isa ƙasar. A Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta ɗebi dubban samari daga Arewa, ta zuba su a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, Hausa kuma ita ce harshen bariki. Sun yi yaƙi da Japanawa a kwarin kogin Kaladan da yankin Arakan, a Janairun 1945 suka shiga Myohaung, tsohon birni mai cike da ɗakunan ibadar mabiya Buddha. Sarkin Katsina Usman Nagogo da kansa ya yi tattaki ya je ya duba su. Mazan jiya sun dawo da labarin daji da ruwan sama da alfadarai. Saya Thetgyi yana raye a lokacin, a shekarar ya rasu, amma yaƙi ne ya kai su, kuma da labarin yaƙi suka dawo.

Abin da ya faru a nan gida

Labarin Mandalay ba baƙo ba ne a kunnenmu. Shekara 18 bayan faɗuwarta, a 1903, Kano ta faɗi, Sakkwato ta faɗi, Katsina ta miƙa wuya, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Tambayar da malaman Burma suka yi ita malamanmu suka yi: wa zai riƙe addini tunda takobi ya koma hannun wani?

A nan wajibi ne mu bambance. Aƙidar Buddha ba ta ginu a kan Mahalicci ba, abin da mai aikin ke nema shi ne ya gane cewa komai mai gushewa ne don ya daina liƙe masa. Zikirin Musulmi kuwa tuna Allah ne, muraƙaba kuma ita ce bawa ya ji a ransa cewa Ubangijinsa na ganinsa. Tafarki biyu ne da ba su haɗu ba a tushe ko a manufa. Inda suka yi kama shi ne a gane ciwon: dukkansu sun ce babbar matsalar ɗan Adam gafala ce, kuma kalmar sati da kalmar zikiri duk daga tunawa suka samo asali. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin kan muraƙaba da yi wa kai hisabi, malaman zaure kuma sun daɗe suna karantar da shi a ƙasar Hausa.

Tun kafin Turawa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda Baƙadire ne, ya riƙa yin wa'azi da waƙa da Fulatanci don makiyayi ya fahimta, aka kuma mayar da waƙoƙin Hausa. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajis ƙauyuka su koyar da mata. Bayan zuwan Turawa abin ya ƙara faɗi. A 1937, shekarar da U Ba Khin ya ƙetara kogi, Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a aikin Hajji. Shehin ya zo Kano daga baya, manyan malamai irin su Malam Tijjani Usman Zangon Barebari da Shehu Atiku Sanka suka karɓe shi. Tarbiyyar da a da sai wanda ya yi nisa a karatu yake samu, sai ga tela da mahauci da ɗan koli suna shiga. Zawiyoyi suka bi hanyoyin fatauci, aka wayi gari da wuya ka shiga gari a Arewa ba ka ji wazifa bayan Magariba ko zikirin Juma'a da yamma ba. Shehu Nasiru Kabara ya yi irin wannan aikin a ɓangaren Ƙadiriyya. Ba kowa ya yarda da salon ba, ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta soki abubuwa da dama a ciki, muhawarar kuma tana nan har gobe. Amma babu ɓangaren da ke musun cewa sallar da babu halartar zuciya a cikinta ta yi rauni.

Abin lura a tarihin biyu shi ne, da fada ta daina iya riƙe abin, sai malamai suka miƙa shi ga talakawa, kuma suka miƙa shi a cikin taro: ƙungiyar karatu a can, da'irar wazifa a nan.

Yadda ya tsallaka teku

Daga Burma aikin ya koma Indiya ta hannun S. N. Goenka, ɗan kasuwa ɗan asalin Indiya da ciwon kai mai tsanani ya kai shi wurin U Ba Khin. A 1969 ya fara koyar da zaman kwana goma: a tashi ƙarfe huɗu na asuba, a yi shiru kwana tara, ba a biyan ko sisi sai gudummawar waɗanda suka taɓa halarta. A 1994, lokacin da Kiran Bedi ke shugabantar gidan yarin Tihar a Delhi, an yi irin wannan zama da fursunoni kimanin 1,000 a lokaci guda. A cibiyoyinsa na yau abu na farko da ake karɓa daga hannunka a ƙofa shi ne waya.

Wani reshen ya fito daga Biyetnam. Thich Nhat Hanh, wanda aka haifa a 1926, ya tara matasa a tsakiyar yaƙi suna sake gina ƙauyukan da bama-bamai suka rusa, suna buɗe makarantu da ɗakunan shan magani. Saboda kiran da ya yi na a tsagaita wuta aka hana shi komawa gida daga 1966, a 1967 kuma Martin Luther King ya ba da sunansa don kyautar Nobel. Shahararren littafinsa na 1975 asalinsa wasiƙa ce ga ma'aikatan nan da ke aiki cikin tsoro, yana nuna musu yadda za su riƙe hankalinsu ko a wanke kwanoni. A Plum Village, mazaunin da ya kafa a Faransa a 1982, idan aka buga ƙararrawa kowa zai tsaya cak, ya yi numfashi, sannan ya ci gaba da abin da yake yi. Ya koma ƙasarsa a ƙarshen rayuwa, ya rasu a Hue a 2022.

A Amurka, wasu matasa da suka yi karatu a wurin malaman Asiya sun buɗe cibiya a garin Barre a 1976. Ɗaya daga cikin masu zuwa wurin, Jon Kabat-Zinn, masanin kimiyyar halittu ne. A 1979 ya buɗe wani shiri na mako takwas a asibitin Jami'ar Massachusetts don masu ciwon da ya ƙi jin magani. Ya cire sunan Buddha da jan mayafi, ya bar zama da numfashi da lura da gaɓoɓi. Darasin farko shi ne a ba ka ƙwayar zabibi ɗaya ka ci a hankali kamar ba ka taɓa ganinta ba. Likitocin ƙwaƙwalwa suka gina a kai, a 2004 hukumar da ke tantance hanyoyin magani a Birtaniya ta amince da wani nau'insa ga masu ciwon damuwa da ke yawan dawowa. Daga nan kamfanoni da makarantu da rundunonin soja suka ɗauka, sannan manhajoji irin su Headspace da Calm suka mayar da shi hajar da ake biya duk wata.

Abin da ya zube a hanya

Idan muka jera matakan nan za mu ga abin da aka riƙa saukewa. A wurin Saya Thetgyi akwai malami, da maƙwabta, da alkawura biyar da ake ɗauka kafin a zauna. A asibitin Kabat-Zinn alkawuran sun tafi, amma akwai malami da aji. A manhaja sai kai kaɗai da murya a kunne da katin banki. Wani malamin jami'a a Amurka, Ronald Purser, wanda shi kansa mabiyin Buddha ne, ya fitar da littafi a 2019 yana ƙorafin cewa an mayar da abin kamar abincin kanti, ana ba ma'aikacin da aka danne don ya ƙara jurewa maimakon a gyara abin da ke danne shi.

Akwai kuma darasi mai ɗaci daga Burma kanta. Ƙasar da ta raya wannan tarbiyya ita ce a 2017 sojojinta suka kori Musulmin Rohingya sama da 700,000 zuwa Bangaladash, daga yankin Arakan ɗin da kakanninmu suka yi yaƙi, wanda yanzu ake kira Rakhine. Wasu masu sanye da mayafin bikku, irin su Wirathu, sun shafe shekaru suna hura wutar ƙiyayya, ko da yake an samu wasu daga cikinsu da suka ƙi bin sahu. Yawan wuraren zaman shiru a ƙasa bai hana zalunci ba. Mu ma bai kamata mu yi saurin nuna yatsa ba, domin yawan masallatai da carbi bai hana a tauye mudu a kasuwanninmu ba.

To, ina muka tsaya? Wanda damuwa ta hana shi barci ko aiki, likita zai nema, kuma idan likita ya ba shi atisayen numfashi, yanzu ya san daga inda ya fito, sai ya tambayi malaminsa abin da ya shige masa duhu. Amma ga yawancinmu, abin da tarihin nan ya nuna shi ne duk inda tsayar da hankali ya yi ƙarko, abu uku ne suka riƙe shi: lokaci tsayayye, da mutanen da za su neme ka idan ba su gan ka ba, da ƙa'idar hali da ke biye da kai bayan ka tashi. Duka ukun muna da su a Mashi. Muna da kiran salla sau biyar da ke tsayar da gari, da zaman bayan Asuba, da i'itikafin goman ƙarshe na azumi. Muna da gaisuwar da sai an tambayi gida da gajiya da iyali ɗaya bayan ɗaya, da cin tuwo a kwano guda inda dole ka lura da hannun na kusa da kai.

Waɗannan su muke sakin su a hankali, ba tare da wani Bature ya shigo da bindiga ba. Yaro na gaishe da kakarsa ido na kan waya, ana sallame salla hannu ya riga carbi zuwa aljihu. Ledi Sayadaw bai jira sarki ya dawo ba, ya ce kowa ya ɗauki nasa kason. Namu kason na iya farawa daga teburin mai shayin nan: mu kife wayoyin har a gama kofi ɗaya, wanda ya fara ɗagawa ya biya kuɗin kowa, mu ji ƙarshen labarin da abokinmu ya faro tun shekaranjiya ba wanda ya saurare shi.